Shari'ar Bakasi: Aikin Doka Cikin Gardamar Iyaka Tsakanin Ƙasashe

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san yadda rigimar iyakar gona take. Da damina ta faɗi sai ka ji wane ya ce maƙwabcinsa ya ci masa kunya biyu, shi kuma maƙwabcin ya yi ta rantsuwa yana cewa tun zamanin kakansa a nan gambar take. Idan dattawan unguwa suka kasa sasanta su sai a tafi wurin dagaci, in ta faskara a dangana da alƙali. Alƙali zai nemi shaidu, wani lokaci ma ya aika a je a gano wurin, sa'an nan ya yanke hukunci. Wanda ya ƙi bin hukuncin kuwa ya san akwai ɗan sanda, akwai gidan yari. To, 'yan'uwana ɗalibai, a ce masu gardamar nan ƙasashe ne guda biyu, kowace da tutarta da sojojinta da jiragen yaƙinta. Wa zai zama alƙali? Da wace doka zai yi hukunci? Wa kuma zai sa wadda aka kayar ta bi?

Domin neman amsa na ɗauko shari'ar da aka yi tsakanin ƙasarmu Nijeriya da maƙwabciyarmu Kamaru, wadda aka fi sani da shari'ar Bakasi. An yanke ta tun ba a haifi ko ɗaya daga cikin 'yan ajinmu ba, amma har yau in aka tayar da zancen sai ka ga manya sun ɗaure fuska. Mutane da yawa a nan Arewa suna ɗaukar abin kamar na mutanen Kalaba ne kaɗai, alhali kuwa shari'ar ta bi iyakar ne tun daga Tafkin Cadi har bakin teku, tafiyar kimanin kilomita 2,000, ta ratsa Borno da Adamawa da Taraba da Binuwai kafin ta kai Kuros Riba.

Bari mu fara da ita kanta kotun. Kotun Duniya tana birnin Hague a ƙasar Holan. An kafa ta cikin 1945 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki cikin 1946. Alƙalanta 15 ne, kowane daga ƙasa daban, ana kuwa zaɓen kowannensu don ya yi shekara tara. Wani ɗan Nijeriya, Taslim Elias, ya taɓa shugabantarta daga 1982 zuwa 1985. Kada a rikita ta da ɗaya kotun da ke wannan birni, wadda ke hukunta mutanen da suka yi laifin yaƙi. Ita wannan ƙasashe kaɗai ke kai ƙara gabanta. Mutum guda, ko da sarki ne, ko ƙabila guda komai yawanta, ba su da ikon shigar da ƙara a can.

Abin mamaki, ba a iya jan ƙasa zuwa wannan kotu sai da yardarta. Manomi ba ya cewa bai yarda da sammacin alƙali ba, amma ƙasa tana iya faɗin haka. Nijeriya ta ba da tata yardar tun 1965, ta rubuta cewa duk ƙasar da ita ma ta ba da irin wannan yarda tana iya kai ta ƙara. Kamaru ba ta ba da tata ba sai ran 3 ga Maris, 1994, ran 29 ga wannan wata kuma sai ga ta da takardar ƙara. Lauyoyinmu suka ce ai wannan kwanton ɓauna ne, ko sanar da mu ba a yi ba. Suka kawo dalilai takwas na cewa bai kamata kotun ta saurari ƙarar ba. Cikin 1998 kotun ta ture bakwai, ta ajiye na takwas sai an shiga shari'a sosai. Shekara huɗu ke nan ana gardama a bakin zaure, ba a ko shiga cikin gida ba.

Shi Bakasi wuri ne a bakin teku, kudu maso gabas da Kalaba. Tarin ƙananan tsibirai ne waɗanda rafuka suka rarraba, ƙasar duk fadama ce cike da irin itatuwan nan masu tsirowa cikin ruwan gishiri, ba a zuwa ko'ina sai da kwalekwale. Mazaunansa galibi masunta ne, Efik da Ibibiyo da Oron da Ijo, masu kama kifi da jatan lande. Shekara da shekaru babu wata gwamnati da ta damu da wurin ƙwarai, sai da aka fara haƙo man fetur a tekun da ke kewaye. Cikin watan Mayu na 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka kashe sojojin Nijeriya biyar a ruwan yankin, har aka yi zaton yaƙi zai ɓarke, sai Kamaru ta ba da haƙuri ta yarda za ta biya diyya. A ƙarshen 1993, zamanin Janar Abacha, sojojinmu suka shiga Bakasi, aka yi ta ba-ta-kashi a farkon 1994, aka kuma yi a 1996 alhali ƙarar tana gaban kotu.

Kamaru da takardu ta je kotu. Babbar cikinsu ita ce yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka sa wa hannu a London ran 11 ga Maris, 1913, lokacin da Kamaru ke hannun Jamusawa. Yarjejeniyar ta ce iyaka za ta bi tsakiyar kogin Akwayafe har teku. Wanda ya duba taswira zai ga Bakasi yana gabashin wannan kogi, watau ɓangaren Jamus. Da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko sai aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, Ingila ta sami wani siririn yanki a gefen Nijeriya, ta riƙe shi amana, ta kasa shi biyu, Kamaru ta Arewa da Kamaru ta Kudu. Bakasi yana cikin ta Kudu. Cikin Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama. Mutanen Kudu suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru, mutanen Arewa suka zaɓi Nijeriya, aka mai da ƙasarsu Lardin Sardauna.

A nan ya kamata mu 'yan Arewa mu tsaya mu yi tunani. Mubi da Gwoza da Bama da Ganye da tsaunin Mambila duk ta wannan ƙuri'a suka zama Nijeriya. Abin ya yi wa Shugaba Ahmadu Ahijo zafi ƙwarai, har Kamaru ta kai Ingila ƙara a wannan kotu dai, amma cikin 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar, Kamaru ta haƙura. Ashe tsarin da ya ba mu Mubi shi ne ya ba su Bakasi. Wanda zai ce a yaga takardar a kudu, sai ya shirya jin an ce a yaga ta a arewa.

Nijeriya kuma ta je da hujjoji masu nauyi, ba wasa lauyoyinmu suka yi ba. Ta farko ita ce wadda ta fi kama hankalina. Ran 10 ga Satumba, 1884, Ingila ta ƙulla alkawari da sarakuna da hakiman Tsohuwar Kalaba cewa za ta ba su kariya. Kariya aka ce, ba a ce sun sayar ko sun ba da ƙasarsu ba. Bakasi kuwa ƙarƙashin waɗannan sarakuna yake. Saboda haka, in ji lauyoyinmu, sa'ad da Ingila ta miƙa wa Jamus Bakasi cikin 1913, kyauta ta yi da kayan da ba nata ba. In ka ba mutum ajiyar akuya ya ba wani, ai akuya tana nan taka. Kotun ta ce a'a. Ta ce bisa dokar wancan zamani, Turawa ba su ɗauki irin waɗannan sarakuna a matsayin ƙasashe masu cin gashin kansu ba, kuma irin wannan alkawari hanya ce ta mallakar ƙasa. Ta ƙara da cewa ba ta ga shaidar an yi ƙorafi cikin 1913 ba, ita Nijeriya ma da ta sami mulkin kai cikin 1960 ba ta tayar da maganar ba. Ni dai wannan amsa ba ta yi mini daɗi ba. Ma'anarta ita ce an rubuta kariya a takarda, an nufi mallaka a zuci, sa'an nan bayan shekara ɗari da goma sha takwas kotu ta bi abin da ke zuci. Kuma yaya masunci zai yi ƙorafi a kan takardar da aka sa wa hannu a London, wadda bai ma ji labarinta ba?

Hujja ta biyu kowane ɗalibin fiƙihu zai gane ta, domin ta yi kama da abin da malamai ke kira hauzi. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya shekara goma yana riƙe da gona ko gida, yana aiki a ciki kamar nasa, wanda ba danginsa ba kuwa yana nan, yana gani, babu abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya zo daga baya ya ce nasa ne ba a sauraronsa. Nijeriya ta ce mutanenta ne ke zaune a Bakasi, ita ke karɓar haraji, ita ta gina makarantu da ɗakunan shan magani, kotunanta ke raba musu gardama. Kotun ta ce a dokar ƙasashe, idan ga mai takardar mallaka ga kuma mai zama a wuri, mai takarda ake fifitawa, sai fa in an tabbatar ya saki haƙƙinsa. Ta duba ta ce Kamaru ba ta saki ba. Watau sharaɗin nan na shiru, wanda hauzi ba ya tsayuwa sai da shi, bai cika ba. Wannan ƙa'ida ba don mu aka ƙago ta ba, kotun ta riga ta shimfiɗa ta tun 1986 a shari'ar Barkina Faso da Mali, waɗanda suka yi yaƙin 'yan kwanaki a Disamba na 1985 a kan wani zirin ƙasa da ake kira Agasher.

Sai ta uku, maganar Janar Yakubu Gawon. Shi da Ahijo sun sa hannu a kan iyakar ruwa a Yawunde cikin 1971, suka kuma sa a Marwa ran 1 ga Yuni, 1975, layin kuwa ya bi ta yammacin Bakasi. Ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gawon. Lauyoyinmu suka ce Majalisar Ƙoli ta Soja ba ta amince da takardar Marwa ba, don haka ba ta hau kan Nijeriya ba. Kotun ta ce idan shugaban ƙasa ya sa hannu, ƙasar ce ta sa, ba aikin maƙwabci ba ne ya bi diddigin dokokin cikin gidanka, sai in ka bayyana su sarari tun da wuri. Ana yawan cewa wai Gawon ne ya ba da Bakasi tukuici saboda taimakon da Ahijo ya yi mana a yaƙin basasa. Shi kansa ya sha musanta wannan, kuma takardar da kotun ta dogara da ita a kan mallakar Bakasi an rubuta ta shekara 21 kafin a haife shi.

A Tafkin Cadi labarin ya fi ban tausayi, domin a can ruwa ne ya ja mutane. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1980 ya sa ruwan ya yi ta janyewa, masunta da manoma daga Borno, Barebari da Hausawa da Shuwa da sauransu, suka yi ta bin sa. Inda ruwa ya janye su shuka masara da wake, inda ya tsaya su kafa bukkoki su jefa koma. Babu wanda ya ga wani layi a kan laka. Haka aka kafa Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ƙaramar hukumar Ngala ta bi mutanenta da haraji da makarantu. Amma tun 1929 da 1930 Gwamnan Nijeriya Thomson da takwaransa Bafaranshe Marchand sun rubuta inda iyakar ta bi, gwamnatocinsu kuma suka tabbatar da ita cikin 1931. Bisa wannan takarda, Darak tana cikin Kamaru.

Ran 10 ga Oktoba, 2002, aka karanta hukunci. Alƙalai 16 suka zauna, ciki har da biyu da ƙasashen suka zaɓa don wannan shari'a: Nijeriya ta kawo Bola Ajibola, Kamaru ta kawo Keba Mbaye na Senegal. A kan Bakasi 13 suka ba Kamaru gaskiya, uku suka ƙi, watau Ajibola da Koroma na Saliyo da Rezek na Barazil. A kan Tafkin Cadi 14 da biyu. Ba duka muka rasa ba, ko da yake ba a cika faɗin wannan ba. A kan iyakar tudu kotun ta duba wuraren da ake gardama ɗaya bayan ɗaya, wasu ta ba mu, wasu ta ba su. A cikin teku ta ƙi layin da Kamaru ta nema, wanda da zai haɗa da rijiyoyin man da Nijeriya ke haƙa. Ta kuma ƙi sa mu biya diyya.

Ƙasa ta ɗauki zafi. Gwamnati ta fitar da sanarwa tana ƙorafin cewa shugaban kotun Bafaranshe ne, ga kuma alƙalai daga Ingila da Jamus, watau jikokin waɗanda suka rubuta takardun su ne suka zauna duba su. Maganar tana da daɗin ji, amma lissafi bai goyi bayanta ba. A cire waɗannan uku, saura goma da uku. Cikin goman nan kuwa akwai alƙali daga Madagaska da wani daga Masar.

Tambayar da ta fi damuna ita ce, don me 'yan Afirka za su yarda a yi musu hukunci da layin da Turawa suka ja, wasunsu ma ba su taɓa taka wurin ba? Amsar tana Alƙahira. Cikin Yuli na 1964 shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka suka taru a can, suka yi alkawari kowace ƙasa za ta girmama iyakar da ta tarar ranar da ta sami mulkin kai. Maroko da Somaliya ne ba su yarda ba. Su shugabannin sun fi mu sanin cewa iyakokin nan karkatattu ne, da yawansu sun sha ɗauri a hannun waɗanda suka ja su. Amma sun duba abin da zai biyo baya in aka ce kowace ƙasa ta bi ƙabilunta. Katsinawan Maraɗi da na Katsina kakanninsu ɗaya. Gobirawa suna Tsibiri suna Sabon Birni. Barebari suna ƙasashe huɗu, Yarabawa suna Ketu cikin Jamhuriyar Benin, Fulani kuwa ba a ma maganarsu. In yawan 'yan ƙasarka a wuri shi ke ba ka wurin, to babu iyaka ɗaya a Afirka da za ta kwana lafiya, kuma kowace ƙasa za ta riƙa korar baƙi don tsoron kada su yi yawa a ƙwace mata ƙasa. Wannan na ƙarshe ya shafi Bahaushe fiye da kowa, shi da ke da zango a Kumasi da Yawunde da Njamena. Sai shugabannin suka ga gara a bar kaza cikin gashinta. A ganina sun yi daidai, kotun ma ta yi daidai da ta bi su, ko da yake har yanzu ina kan ra'ayina game da alkawarin 1884.

Saura tambaya ta uku, wa zai tilasta? Hukuncin Kotun Duniya ba a ɗaukaka ƙara a kansa, amma kotun ba ta da ɗan sanda ko guda. Dokar Majalisar Ɗinkin Duniya, sashe na 94, ta ce wanda aka ƙi bi masa hukunci ya kai kuka Kwamitin Sulhu. A kwamitin nan kuwa akwai manyan ƙasashe biyar masu ikon hawa kujerar na-ƙi. Cikin 1986 kotun ta ba Nikaraguwa gaskiya a kan Amurka, da aka kai maganar kwamitin sai Amurka ta hau kujerar, zance ya mutu. Nijeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da sojoji nesa ba kusa ba, sojojinta kuma suna zaune a wurin. Da ta ce ba za ta fita ba, da wuya a sami wanda zai fitar da ita.

Abin da ya yi aiki shi ne zama da tattaunawa. Tun kafin hukunci, cikin Satumba na 2002, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Kofi Annan ya haɗa Shugaba Obasanjo da Shugaba Paul Biya a Faransa, suka yi alkawarin karɓar duk abin da kotu ta ce. Dabara ce mai kyau, domin ɗaukar alkawari ya fi sauƙi tun ba a san wanda zai faɗi ba. Bayan hukunci ya sake haɗa su a Jeneba cikin Nuwamba, aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu. Aka fara da mai sauƙi: cikin Disamba na 2003 Nijeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30 a Tafkin Cadi, cikin 2004 kuma aka yi musanyar wasu ƙauyuka a kan tudu. Bakasi ya yi wuya. An sa ranar fita cikin Satumba na 2004, ranar ta zo ta wuce. Sai ran 12 ga Yuni, 2006, aka sa hannu a kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, wakilan Ingila da Faransa da Jamus da Amurka suka zama shaidu. Sojojinmu suka fita cikin Agusta na wannan shekara. Cikin Nuwamba na 2007 Majalisar Dattawa ta tayar da ƙayar baya, ta ce ba a kawo mata yarjejeniyar ta amince ba kamar yadda tsarin mulki ya tanada. Duk da haka Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya cika alkawari, aka yi bikin miƙa sauran yankin a Kalaba ran 14 ga Agusta, 2008.

Domin a ga darajar wannan, a dubi Habasha da Iritiriya. Sun yi yaƙi daga 1998 zuwa 2000 a kan iyaka, musamman wani ƙaramin gari, Badme, mutane dubun dubbai suka hallaka. Suka yarda a kafa hukumar alƙalai, suka yi alkawarin bin hukuncinta. Cikin Afrilu na 2002, wata shida kafin namu, hukumar ta yanke, Badme ya faɗa ɓangaren Iritiriya. Habasha ta ƙi fita, sojojin ƙasashen biyu suka zauna suna harara da juna shekara 16, sai cikin 2018 ta ce ta karɓa. Doka iri ɗaya ce, shekara ɗaya ce, shugabanni ne suka bambanta. A wani gefen kuma, Libiya ta Gaddafi, wadda ta yi shekaru tana yaƙi da Cadi a kan zirin Auzu, da kotu ta ba Cadi gaskiya cikin Fabrairu na 1994 ta kwashe sojojinta kafin ƙarshen Mayu. Nijar da Benin su ma tare suka kai tasu gardamar a kan tsibiran kogin Kwara da ke wajen Gaya, cikin 2005 aka ba Nijar 16 har da Lete, aka ba Benin tara. Abin da na lura da shi shi ne, shugaban da ya gaji da rigima yana bukatar abin da zai gaya wa mutanensa. Ba zai iya cewa na ji tsoron maƙwabci ba, amma yana iya cewa kotu ta yanke. Mu ma mun ga amfanin wannan daga baya: tun 2015 sojojin Nijeriya da na Kamaru suke yaƙi da Boko Haram cikin runduna ɗaya a Tafkin Cadi, wurin da dā suke nuna wa juna bindiga.

Amma akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan zaman lafiya, ba su kuwa je Hague ba, tun da kotun ba ta sauraron kowa sai ƙasashe. Yarjejeniyar Greentree ta ce Kamaru ba za ta kori 'yan Nijeriya mazauna Bakasi ba, ba za ta tilasta musu sauya ƙasa ba, za ta kiyaye harshensu da al'adunsu da dukiyarsu da sana'arsu ta su. An ba da wa'adin shekara biyar na sassauci, ya ƙare cikin Agusta na 2013. Daga nan wanda ya zauna, ko dai ya zama ɗan Kamaru, ko ya nemi takardar izinin zama kamar baƙo a garin da aka binne kakanninsa. Da yawa suka kwashe komatsansu suka ƙetaro zuwa wajen Ikang, inda aka mai da hedkwatar ƙaramar hukumar Bakasi, suka yi shekaru suna kukan rashin matsuguni. Masunci kuwa in ka raba shi da ruwan da ya sani, ko ka ba shi ɗaki ba ka ba shi abinci ba. Wannan ba laifin kotu ba ne, aikin gwamnatinmu ne, ita ce ta san tun 2002 cewa mutanen nan za su zo. Jihar Kuros Riba ma ta ji a jikinta, domin cikin 2012 Kotun Ƙoli ta ce tun da Bakasi ya tafi jihar ba ta da sauran gaɓar teku, rijiyoyin mai 76 da take nema suka tabbata ga Akwa Ibom.

Dokar kotun ta ba da shekara goma, in an sami wata sabuwar hujja da ba a sani ba lokacin shari'a, a nemi a sake dubawa. Da wa'adin ya matso cikin Oktoba na 2012 aka yi ta matsa wa gwamnatin Shugaba Jonathan ta nema. Ta duba ta ce ba ta da irin wannan hujja, wa'adi ya cika, bakin alƙalami ya bushe.

Abin da ya rage shi ne sauko da hukuncin daga takarda zuwa ƙasa, wannan kuwa ya fi shari'ar kanta cin lokaci. Takardun Turawa sun kwatanta iyaka da duwatsu da rafuka da ƙauyuka, ga shi wani rafin ya sauya hanya, wani ƙauyen ya tashi, wani dutsen kuma kowane ɓangare da sunan da yake kiransa. Sai masu awon ƙasa na Nijeriya da na Kamaru da na Majalisar Ɗinkin Duniya su hau tsauni tare, su auna, su yarda, kāna a kafa turken siminti, turakun da ake bukata kuwa sun haura 2,000. Rikicin Boko Haram ya hana su shiga wasu wurare a arewa. A ƙarshen Janairu na 2017 wasu 'yan bindiga suka far wa ayarin ma'aikatan kusa da Konca, a kan iyakar Adamawa, suka kashe mutum biyar. Aikin ya tsaya na wani lokaci, daga baya aka koma aka ci gaba da kafa turakun.